Zanen Goyon Alheri

Shekara bakwai Tabita ta yi tana goyon Alheri. Da sikila aka haifi yarinyar, in ciwon ya motsa ƙafafunta ba sa ɗaukar ta, sai bayan uwa. Duk ƙauyen Mabai an san zanen nan mai ruwan ɗorawa, wanda ya koɗe don wanki.

Da aka ji likitoci sun zo asibitin garin Sheme za su gwada wani sabon magani a kan yara masu sikila, Tabita ce kan gaba. Malam Muttaka, mai rubuta sunaye, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce gwaji ne, ba alkawarin warkewa ba, kuma sai yaron da ke zaune kusa da asibitin ake ɗauka, don duk mako za a duba jininsa. Mabai ta yi nisa, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba.

Ƙanwarta Grace, mai tuyar ƙosai a bakin titin Sheme, ta ce a bar mata yarinyar. Su biyu suka dangwala yatsa a takarda, Tabita ta koma gida bayanta sakayau.

Sai bayan wata huɗu ta samu zuwa, ta tarar ranar awon jini ce. Suna zaune a benci ma'aikaciya ta leƙo ta ce, "Maman Alheri!" Kafin Tabita ta gyara ɗankwali, Grace ta miƙe. Ba da gangan ba ne, sabo ne, kuma shi ya fi ciwo.

Ga Alheri ta yi kumatu, idonta ya washe. Ya kamata Tabita ta yi murna, ta kuma yi, amma kishi ya riga murnar zama. Ita ta sha kuka da tausar ƙafa shekara bakwai, wata kuma ta tsinci yarinya mai dariya. Har kitson kanta ba irin na hannun uwarta ba ne.

"Yaya, mi ya faru kika yi shiru?" in ji Grace.

"Ɗiyata na zo ɗauka. Ni na yi jinya, ke kika samu ɗiya."

 Malam Muttaka, da ke tsaye kusa, bai yi gardama ba. Ya ce haƙƙinta ne ta janye yarinyar duk ranar da ta so, sai dai in ta bar Sheme, ta fita daga gwajin ke nan.

Tabita ta warware zanen, ta durƙusa ta juya wa yarinyar baya. "Hau mu tahi."

Alheri ta yi dariya. "Mama, ai ni da ƙahwata nike tahiya yanzu. Duba!" Ta zuba a guje har gindin dalbejiya, ta dawo tana haki, ta faɗa jikin Grace.

Tabita ba ta taɓa ganin gudunta ba. Tana nan durƙushe wani tunani ya gilma mata: da ciwon zai motsa yanzu, ko na minti ɗaya, da an ga wadda za ta kira.  Ita, uwa, take yi wa 'yarta wannan fata? Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga ido.

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. "Malam, a bar sunanta."

Suka raka ta tasha, Alheri a tsakiya, hannunta cikin na Grace. Da mota ta cika, Grace ta ce, "Yaya, bar mani zanen mana, ko za a buƙata."

Tabita ta dube ta, ta ninke shi huɗu ta danne a cinya.

"Kin samu mai gudu," ta ce. "Wannan nawa ne."