Ƙofar da Baba Wasiƙa Bai Sani Ba

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a unguwar nan ta bayan gari, har aikin ya cinye masa suna, kowa sai Baba Wasiƙa. Ko daga barci ka tashe shi zai faɗa maka lambar kowace ƙofa, da wanda ke ciki, da ko akwai kare. Da wannan yake taƙama, kuma wannan ɗin ne ya kai shi ya baro.

Yana yin ritaya masu gine-gine suka sa unguwar a gaba. Su sayi gida huɗu su rushe, su kafa bene mai hawa shida. Gonakin gefe suka tafi, filin ƙwallo ya bi su. Abin da ya rage shi ne kwarin bayan gidansa, inda ruwan sama ke gangarawa. Tun da aka cike rabinsa da siminti, duk damina sai ruwa ya shigo masa har ɗaka. Bara ya kai gwiwa, matarsa ta yi mako tana shanya katifu. Ga shi yanzu an kai takarda majalisar ƙaramar hukuma, ana so a cike ragowar kwarin a yi gidaje ɗari biyu, kuma sabbin kansiloli ne za su yanke hukunci. In takardar ta wuce, gidansa ya zama tafki.

"Ni zan tsaya takarar kansila," ya ce wa matarsa wata safiya.

"Kai da ko gaban mutum biyar harshenka ke sarƙewa? Malam, ka rufa mana asiri."

"A majalisa hannu ake ɗagawa. Hannuna kuwa lafiyarsa ƙalau."

Fom ɗin da ya karɓo yana buƙatar mutum ashirin mazauna mazaɓar, kowa da adireshinsa da sa hannunsa. Matar ta ce ya fara da Auta, ƙaramar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, wadda ta kama haya a benen da aka gina kan filin ƙwallo. Shekara biyu ke nan bai taɓa taka wurin ba. Takan zo gaishe shi duk mako, ya amsa, amma bai taɓa tambayarta ko ɗakin nata yana shan iska ba.

"Maƙwabtanta sun fi ɗari," in ji matar. "Yini ɗaya ka gama."

"Ba zan roƙi mutanen da suka turo min ruwa ɗaka ba. Ina da mutanena."

Mutanen nasa kuwa tuni suka sayar suka watse. Sati biyu ya yi yana hawa mota yana sauka, ya nemo tela, ya nemo direba, ya nemo tsohuwar ungozoma da ke zaune wurin jikarta. Kowa ya sa hannu da murna, tela har da ƙwalla. Duk wanda ya kai alƙalami layin adireshi sai Baba ya riƙe masa hannu.

"Bar shi. Ni za ka koya wa adireshinka?"

Ya zauna a teburinsa ya cike su da ka, da rubutun nan nasa mai kyau, ƙofa bayan ƙofa kamar yadda yake bin su da jaka a kafaɗa. Ya san sun tashi mana, ba shi ya bi su har inda suke ba? Amma a wurinsa tela na lamba sha huɗu ne, layi na uku, har abada.

Sai ranar ƙarshe ya kai fom ɗin, da tsakar rana, sanye da rigar da aka goge sau biyu. Akawun ofishin zaɓe ta riƙa duba kwamfuta tana duban takardar, can ta ɗago.

"Baba, lamba sha huɗu a layi na uku, babu shi."

"Kamar yaya babu shi? Ƙofa mai shuɗin fenti, da bishiyar lemo a gaba."

"An rushe shi shekara huɗu da suka wuce. Wurin ajiye motoci ne yanzu."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana jan layi da jan biro a hankali, don ta ji tausayinsa. Cikin ashirin, uku ne suka tsira. Baba ya ji kamar an sake rushe gidajen a gabansa.

"Ƙarfe huɗu muke rufewa," ta ce, ta miƙo masa sabon fom. "In ka samo sha bakwai, ina nan."

Bai koma gida ba. Ya haɗiye girman kansa ya nufi benen Auta, yana tafe yana share gumi. Ya kira wayarta sau uku, tana bakin aiki, ba ta ɗaga ba. Farfajiyar shiru, tagogi a rufe, duk an tafi aiki cikin gari. Amma can sama ya hango shanya, ya ji kukan jariri, ya ce ko mutum nawa ne zai ƙwanƙwasa. Ƙarfe uku saura kwata.

Mai gadi ya leƙo ta ƙaramar taga.

"Sannu Baba. Wurin wa?"

"Wurin 'yata. Ma'aikaciyar jinya ce, doguwa haka."

"Masu jinya sun kai shida a nan. Ka yi haƙuri, doka ce, ba na buɗewa sai an faɗi lambar ƙofa in rubuta. Lamba nawa ce?"

Baba Wasiƙa ya buɗe baki. Lamba sha huɗu ta zo masa, da sha shida, da ashirin da biyu mai kare, duk layin ya jeru a kansa tsaf. Ya ɗaga kai ya dubi tagogin, iri ɗaya daga ƙasa har sama.

"Baba?" in ji mai gadin, biro a hannu.

"Ban sani ba," ya ce.