Hoton Shugaba a Kalandar Manoman Rake

Tun da hawan jini ya kayar da Malam Ya'u a gonarsa ta rake a Gazara, komai nasa ya dawo in ban da baki. Ƙafa ta taku, hannu ya riƙe sanda, magana ma tana fita idan bai yi garaje ba. Amma gefen bakinsa na hagu ya zube ya ƙi komawa. Shi ya sa kullum za ka gan shi da rawani, ya ja amawali har hanci, mutumin da a da ko hula sai ranar Juma'a.

Shi ne shugaban ƙungiyar manoman rake tun kafuwarta. Babu motar da za ta yi lodi ba da saninsa ba, rigimar ruwa a fadama kuwa a zaurensa take mutuwa. Yanzu da ba ya iya riƙe fartanya, kujerar nan ce kaɗai ta rage masa, ga zaɓe yana tafe. Ya san mutanensa sarai. Za su tausaya wa mai lalura har da hawaye, amma ba za su bi shi ba.

Al'adar ƙungiyar ce duk shekara kafin zaɓe a buga kalanda da hotunan shugabanni, na shugaba a tsakiya, ya fi kowanne girma, a raba wa masu shayi da shaguna da direbobi. Kuma fuska a buɗe ake ɗauka, kowa da hula iri ɗaya. Don haka Malam Ya'u ya yi ta gwaji a ɗaka. Idan ya cije haƙora ya tattaro duk ƙarfin da ke wuyansa, bakin yakan daidaita na tsawon numfashi guda.

"Ya isa, Malam," in ji matarsa Kulu. "Ai hoto ƙiftawar ido ne."

Ranar ɗaukar hoto aka taru a gindin mangwaro, aka rataya shuɗin ƙyalle. Mai hoton shi ne Felix, mutumin kudancin Kaduna da ya yi furfura a Makarfi, shi da wata baƙar kyamara mai nauyi da ta tsufa tare da shi. Idan ya manna ido a 'yar tagarta ya latsa, nan take sai ka ji ƙyas. Idan kuwa ya kunna allon bayanta, wanda ke nuna mutum kamar talabijin, sai ta zama wata aba daban. Idonta na gaba ya yi ta shiga yana fita yana gurnani, fuska ta yi dishi-dishi, ta washe, ta sake dushewa, sai ta ga dama sannan ta kama.

Mataimakin shugaba, Ɗayyabu, ya ga wannan da idonsa, domin da aka zo kansa ya sa an kunna allon don abokansa su gani, har murmushi ya bushe masa a fuska. Ɗan baffan Malam Ya'u ne. Ya'u ne ya koya masa dasa rake, kuma Ɗayyabu yana cikin 'yan kaɗan da suka ga bakin a asibiti. Da aka gama ɗaukarsa, ya tsaya yana kallon kyamarar yana shafa gemu.

Aka kira shugaba. Malam Ya'u ya zauna, ya juya baya ya warware rawani, ya sa hula, tafin hannunsa a kan baki kamar mai shirin tari.

"Baba, da ka sauke hannu na gama," in ji Felix a hankali, ya kai kyamara ido.

"Tsaya, Oga Felix," in ji Ɗayyabu da fara'arsa. "Haba! Hoton shugaba guda a ɗauke shi a ɓoye? Kunna talabijin ɗin nan kowa ya ga Yaya."

"Ranka ya daɗe, da allo tana jinkiri. Tsohuwa ce."

"Saurin me muke yi? Ni da nake ƙarami an kunna mini, sai Yaya ne bai kai ba?"

Jama'a suka ɗauka, a kunna, a kunna. Yawancinsu ba da mugunta ba, son kallo ne kawai, irin na mutanen da ko taya ta fashe sai sun kewaye ta. Suka yi cincirindo a bayan Felix, wani kan kafaɗar wani. Felix ya dubi Malam Ya'u, shi kuwa ba halin ya yi musu da hannu a baki. Ya gyaɗa kai.

Ya cije, ya ja, ya sauke hannu. Bakin ya zauna daidai, tsaf, kamar na da. Felix ya latsa.

Kyamara ta fara gurnaninta. Ido ya fito, ya koma. Malam Ya'u ya ji jijiyar wuyansa tana rawa, gumi yana bin bayan kunnensa. A ransa roƙonta yake, yi mana, don Allah yi mana. Ido ya sake fitowa. Kuncinsa ya fara karkarwa, ya ji abin yana zame masa kamar jiƙaƙƙiyar igiyar guga. Baki ya zube, yawun da ya taru ya dalalo kan gemu.

Ƙyas.

Jama'a suka ƙara matsowa. Ba shi suke kallo ba, allon suke kallo, wannan ya fi yi masa ciwo. Wani ya yi salati ƙasa-ƙasa.

"Ayya, motsi ya yi," in ji Ɗayyabu. "A sake. Yaya, daure."

Aka sake. Wannan karon ƙarfin ya riga ya ƙare, bakin bai ko kai rabi ba, ido ɗaya ya runtse don wahala. Ɗayyabu ya ce a ƙara, cikin ladabi, har da rusunawa. Aka yi ta yi sai da Felix ya kashe allon da kansa.

"Baba, gobe zan zo gida mu ɗauka mu biyu," ya raɗa masa.

"Gobe ina?" in ji Ɗayyabu, ashe yana tsaye a kansu. "Yau katin kyamarar zai tafi Zariya wurin masu bugawa. Kawo shi nan. Na farkon ma ya yi, ai kowa ya san Yaya."

Kalanda ta fito da kyau, takarda mai sheƙi. Ba a rage masa komai ba, yana tsakiya, ya fi kowa girma, har ɗigon da ke gemunsa ya fito tar. Ta shiga teburan shayi daga Gazara har Dandamisa, ta hau gaban motocin rake.

Ranar zaɓe Malam Ya'u ya yar da rawani ya tafi da hularsa, ya shirya abin da zai faɗa. Yana isowa, mutanen da a da suke miƙewa su ce shugaba ya iso suka rugo suka kama shi ta hammata.

"Sannu, Baba. Ya jiki? Ai da ka yi zamanka a gida."

Suka shimfiɗa masa tabarma can baya a inuwa, wata ta ajiye masa kunu da tsumman goge baki. Daga nan ya ji muryar Ɗayyabu tana buɗe taro da addu'a, har da roƙa wa Yaya lafiya, aka shafa da amin mai ƙarfi.

Malam Ya'u ya yunƙura. Ya dafa sanda, ya cije, ya ja bakin ya daidaita, ya riƙe shi fiye da yadda ya taɓa riƙewa, har hawaye suka zubo masa. Duk ƙeya suka ba shi, hannuwa a sama, ana zaɓen Ɗayyabu.