Ƙaramin Tanki a Babban Gida

Tun da na ga tankin ruwan zafin da Fergus mai aikin famfo ya sauke daga motarsa, hankalina bai kwanta ba. Gidan mahaifiyata a Launceston ɗaki biyar ne, kuma ni da matata da yaranmu huɗu a ciki muke tun da muka sayar da namu. Amma tankin nan, ni kaɗai ma zan iya ɗaga shi.

Na tsaya a kansa. "Kai Fergus, ka samu tsohuwa ko? Kwantan da ya ƙi sayuwa ka kawo mata?"

Bai ko ɗago ba. "Babba na fara nuna mata, mai aiki da gas. Je ka tambaye ta."

Ban yarda da shi ba. Na same ta a kicin tana shafa wa burodi bota.

"Mama, mutumin nan cutarki zai yi. Mutum ɗaya ya yi wanka, sauran sai ruwan sanyi, ga hunturu ya kama."

"Na sani," in ji ta. "Ni na ce ya kawo daidai wankana."

"To mu fa?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ku ai baƙi ne, ɗana. Ba kwana kaɗan kuka ce za ku yi ba? Ranar da kuka zo, autarka ko rarrafe ba ta fara ba."

Ta nuna taga da wuƙar botar. A waje, yarinyar tana tsere a kan keke.