Yayar da Ta Zo daga Baya

Ranar sadakar arba'in ta mahaifinsu, Malam Abdulbaƙi na Aujara, Hussaini da ƙanensa Ɗanladi suka ƙulla magana: jikan da aka fara samu shi zai ci sunan marigayi, ya kuma ɗauki jar karsanar da ya bari. Hussaini ya amsa yana murmushi, don cikin matarsa Hindatu har ya soma motsi, matar Ɗanladi kuwa laulayi take yi.

Sai ga ikon Allah, matar Ɗanladi ta haifi bakwaini, namiji.

"Yaya, a kwanto mana karsana," in ji Ɗanladi.

"Kai, tafi can! Nawa aka fara busa wa rai. Wanda ya riga shiga mota shi ne fasinjan farko, ko da wani ya diro ta taga."

"To mu je Dutse gaban alƙali, ai shari'a ta zo. Daga kukan farko ake lissafa mutum."

Mahaifiyarsu ta ce ba mai kai ta kotu. "Suna na mai kuka ne, ku raɗa masa. Amma babba shi ne wanda ya shuri tafin hannuna tun yana ciki, karsana tasa ce."

Hindatu ta sauka lafiya, aka samu Mashkura. Hussaini ya ja karsana ta tsakiyar gari, hula a karkace.

Ɗanladi ya ci suna, Hussaini ya ci karsana. Mai asara ƙaramin Abdulbaƙi ne: ya riga zuwa duniya, amma har yau "Yaya Mashkura" yake cewa.