Ƙwayar da Ta Ƙoshi

Senami ta ɗago kai daga madubin ƙara girma tana dariya ita kaɗai. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kiwon fararen ƙwayoyin jini a wannan ɗakin bincike na Kwatano, amma har yau in ta ga ɗaya ta miƙa jiki ta haɗiye yis, sai ranta ya yi fari.

Kuskure ne ya jawo abin da ta gano. Ranar da aka kira ta makarantar 'yarta, ta bar ƙwayoyin da yis awa uku maimakon rabin awa. Da ta dawo ta zuba musu 'yan duwatsun roba masu rufin sukari, waɗanda kullum suke manne musu, sai suka ƙi kamawa. Sau tara tana maimaitawa. Ashe ƙwayar da ta ƙoshi janye 'yan hannayenta na kama sukari take yi, ta mai da su ciki.

"Sak halin kawuna," ta ce wa abokin aikinta Agosu. "Tun da ya samu kujera, hannun gaisuwarsa ya shige aljihu."

Da Farfesa Hunkpatin, shugaban ɗakin binciken, ya leƙa madubin, ya daɗe bai ɗago ba.

"'Yata, sunanki zai fito a takardar nan."

Abin da take jira ke nan. Sai da suna a takardar bincike ake ɗaukar irinta karatun digiri, ita kuwa sau uku ana dawo mata da takardunta.

* * *

Ranar da takardar ta fito aka yi walima, aka kawo amiwo, jan tuwon masara, da soyayyiyar kaza. Senami ta sha sabon ɗinki, ta ci ta ƙara, har da guzurin cinya ta ƙulle wa 'yarta. Sai da ta wanke hannu sannan ta ɗauki takardar.

Sunaye shida ne a sama, har da na ƙanin matar Farfesa, wanda ko ƙofar ɗakin bai sani ba. Nata yana shafin ƙarshe da ƙananan baƙaƙe: ana gode mata saboda tsabtace kwalabe.

"Ki yi wa Farfesa magana mana," in ji Agosu, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ratsa mutane ta isa gabansa, ta rusuna.

"Barka da arziki, Farfesa."

"Yauwa, 'yata. Kin ci kaza kuwa?"

Ta miƙa masa hannu. Faranti ne a hannunsa na hagu, na daman yana cikin aljihu.