Rufin Biyuk ɗin Mukhtaru

Duk wanda ya san Mukhtaru a unguwar Shisha ya san shi da abu biyu: shagon turarensa da ke kusa da Masallacin Harami, da tsohuwar motar da ta hana shi zaman shagon. Biyuk ce baƙa, ƙirar Amurka, tun ta kafin yaƙin duniya. A bayan wani gareji ya tsince ta a hanyar Jidda, awaki sun mai da ita ɗakin kwana, ba taya, ba gilashi, rufinta a lotse. A lokacin kowa na rububin sababbin motocin nan masu fikafikai a baya, shi kuwa bawan Allah ya jawo gawa har ƙofar gida ya ce zai tashe ta.

Ya kuma tashe ta ɗin, sai dai ta sha ƙuruciyarsa kafin ta tashi. Kabureta daga Jidda ya samo ta, fitilun gaba daga Ɗa'if, murfin lagireto kuwa sai da ya yi ta zarya gidan wani tsohon direba yana kai masa turare kafin ya sakar masa. Amma duk wannan wasa ne a kan rufin. Kwance yake shiga cikin motar, rigingine, da 'yar gudumar katako, yana bugun kwanon nan a hankali daga ciki har lotsewar ta tashi. Ya goge, ya shafa fenti, ya sake gogewa, ya sake shafawa, har ta kai mutum na iya gyara rawaninsa a jikin rufin. Tattabarun Makka da kowa ke tausaya wa, shi gaba yake yi da su saboda kashin da suke yi wa rufin, har ya koma lulluɓe motar da barguna. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan yaye barguna, ya tuƙa ta zuwa ƙarshen layi ya dawo, ya sake lulluɓe ta.

Matarsa Safara'u ta daɗe da daina magana a kan motar. Tun tana yarinya goggonta ta zo da ita aikin Hajji ta hanyar Sudan, suka zauna, mahaifinta kuwa yana can ƙasar Sakkwato yana karantarwa. A wannan shekarar ne Allah ya nufe shi da zuwa. Malam Mailafiya ya sauka daga jirgi tsoho tukuf, gwiwa a kumbure, da sanda, da bakin da ba ya lanƙwasa. Wannan ne Hajjinsa na fari, kuma kowa ya dube shi ya san ba lalle a sake ganinsa a nan ba.

Manyan motocin mutawwifi, mai kula da alhazan ƙasarsu, irin buɗaɗɗun nan ne da sai an taka taya an haye. Tsoho ba zai iya ba. Nan Mukhtaru ya buga ƙirji a gaban mutane ya ce surukinsa ba zai hau motar kaya ba yana raye, a Biyuk zai kai shi Arfa. Kada a ɗauka alheri ne zalla. Ya daɗe yana neman ranar da duniya za ta ga motar nan.

Ranar da aka fita Mina zazzaɓi ya kwantar da Malam, dole aka bar shi a gida. Washegari, ranar Arfa, ya tashi garau, ya yi wanka ya ɗaura ihraminsa. Unguwa ta yi tsit. Masu abinci, masu shara, direbobi, duk sun tafi neman na kansu a Arfa, har Hadi maƙerin da ke taimaka wa Mukhtaru da walda. Mukhtaru ya yaye barguna, ya tada inji, ya tsaya yana sauraren ƙararsa yana murmushi shi kaɗai. Sannan ya buɗe ƙofar baya.

"Bismillah, Baba. Tafaddal."

Malam ya dogara sanda ya leƙa ciki. Bai dubi kushin ɗin da aka ɗinka sabo ba, bai dubi sitiyari ba. Sama ya duba.

"Wagga ita ta motar?"

"Ita ce, Baba."

"Ba ni shiga."

Mukhtaru ya ɗauka bai ji da kyau ba. Malam ya maimaita masa, ya ƙara da bayani, a natse, kamar yana gaban ɗalibai.

"Namiji mai ihrami ba shi tahiya ƙarƙashin inuwar abin hawa. Haka munka karanta, haka malammanmu sunka karantad da mu."

"Ya Baba, wallahi malaman Harami da kansu suna shiga sayyara, mota mai rufi, da ihrami. A nan aka haife ni, kowace shekara ina gani."

"Su da abin da sunka karanta."

"To ai a Arfa ma cikin tanti za ka zauna!"

"Tanti shina tahiya da kai?"

Mukhtaru ya juya ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi ƙasa. Haushi ya fara taso masa tun daga ciki. Ga mota lafiya lau, ga mai a tanki, ga hanya, ga rana tana hawa, wai abin da zai hana mutum Hajji shi ne inuwa. Inuwa, a garin da mutane ke faɗuwa saboda rashinta.

"Tayyib," ya ce, yana danne murya. "Ka shiga, ni zan yanka rago fansa. A wuyana."

"In mutum ya yi mantuwa, shi yanka. Amma in san abu in take shi da gangan don surukina na da rago? A'a."

Mukhtaru ya kawo shawarar Malam ya fitar da kansa ta taga. Malam ya ce to kafaɗunsa fa, na wa ne? Ya kawo ta a ɗaura kujera a kan bonet, ya janye ta da kansa da ya tuna zafin inji. Daga nan ya zagaya baya, ya dafa murfin but ya ce ai wannan ƙusa huɗu ne ya cire shi, a shimfiɗa darduma a ciki.

Sai a nan Safara'u ta ɗaga kai ta dubi mijinta.

"Abu Idris, ubana za ka sa a but kamar buhun gawayi? A kan hayaƙin salansa?"

"To ya kike so in yi? In tashi sama da shi?"

Ba ta dubi rufin motar ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ƙin duban ya fi masa ciwo da a ce ta buɗe baki ta faɗa. Ya san abin da ke ranta, ita ma ta san ya sani. A garin nan ba baƙon abu ba ne a yanke rufin mota saboda irin su Malam, kowace shekara ana yi wa tsofaffin bas-bas haka. Amma bas-bas ake yi wa.

"La," ya ce, ba wanda ya tambaye shi. "La wallahi. Ko kusa."

Malam bai ma san me ake cewa a'a a kansa ba. Ya gyara mayafin ihraminsa ya tambayi 'yarsa ina ne hanyar Arfa.

"Waɗanda sunka riga mu da ƙahwa sunka tai," ya ce. "Ɗiyata, kama mini."

Suka kama hanya, tsoho da sanda a dama, 'yarsa a hagu. Mukhtaru ya tsaya jikin motarsa ya harɗe hannuwa. Su je. Shi bai hana kowa shiga ba, ga ƙofa nan a buɗe. Ya yi ta faɗa wa kansa haka yana kallon bayansu. Tafiyar da saurayi mai ƙarfi ke yi yana haki, ita wannan tsoho zai yi da gwiwar da ba ta kai shi bayi sai an riƙe shi. In rana ta faɗi, dare ya wuce bai taka Arfa ba, Hajji ya tafi, kuma babu wata shekara da ke jiransa.

Ba su kai ƙarshen layi ba Malam ya zauna a kan wani dutse. Mukhtaru ya ce a ransa, madalla, yanzu hankali zai dawo. Can sai ya ga tsohon ya dafa kafaɗar Safara'u ya miƙe, ya yi taku kaɗan, ya sake zama. Ya sake miƙewa.

Mukhtaru ya yi tsaki mai ƙarfi, ya zagi shaiɗan da Larabci, ya ƙara da Hausa, ya shiga gida ya fito da akwatin kayan aikinsa.

Ko a wannan hali bai iya yin aikin banza ba. Sai da ya kwance ƙyallen silin daga ciki a hankali ya naɗe shi. Ya hau kan bargo don kada gwiwarsa ta karce fenti, fentin da zai yanka, ya ja layi da alli a saman kujerar baya, ya ga ya karkace, ya goge ya sake ja. Ya ɗora bakin kurfi a kusurwa, ya ɗaga guduma, ya sauke ta bai buga ba. Fuskarsa yake gani a jikin rufin, a murtuke. Ya kau da kai ya buga.

Ƙarar ta cika layin da babu kowa. Ƙarfen Amurka na wancan zamani ba kwanon gwangwani ba ne, ya sha yabon kaurinsa a gaban abokai, yau kuwa kaurin nan ya dawo kansa. Zarto ya yi ta kuka, fenti yana tashi ɓawo-ɓawo, gumi yana shiga masa ido. Yana yanka yana mita. Ya yi wa Hadi mita da ya tafi sayar da ƙarfinsa a Arfa. Ya yi wa jirgin da ya kawo tsoho mita. Ya yi wa bakinsa da ya yi alkawari a gaban jama'a. Haƙorin zarto ya karye, ya sa wani. Gefen ƙarfe ya tsaga masa tafin hannu, ya ɗaure da tsumman goge mota ya ci gaba. Da kwanon ya saki, ya ɗaga shi da hannu biyu ya jingina a bango, haske ya zubo a kan kujerar baya. Mukhtaru ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka, amma babu lokaci. Ya bi bakin yankan da guduma ya lanƙwashe kaifin don kada ya ji wa wani.

Ya same su a bakin hanya, ba su yi nisa ba. Safara'u ta ga motar, ta ga hannunsa, ta rufe baki da mayafi. Malam ya leƙa, ya ga sama a buɗe, ya gyaɗa kai.

"To, ka gani. Da tun ɗazu haka kay yi, da mun yi nisa."

Mukhtaru ya shigar da su ya ja mota, ya san in ya buɗe baki abin da zai fito ba na ranar Arfa ba ne.

Hanya a cushe take. Motoci sun jeru suna tafiyar hawainiya, jama'a farare fat ta ko'ina. Ƙura tana zubowa ta ramin nan tana kwanciya a kan kushin, yana gani ta madubi. Wani direban bas ya leƙo ya ce, "Ya shekh, wa ya yi maka wannan ɓarna?" Mukhtaru ya yi kamar ba da shi ake ba. Motoci sababbi suna tsaye a gefe bonet a ɗage suna tururi, Biyuk kuwa ta yi ta ja ba ta ko tari, kuma ko wannan bai sanyaya masa rai ba. A baya, rana tana dukan tsoho a tsakar ka, shi kuwa sai Labbaika yake yi da muryar da ba a san yana da ita ba.

Rana ta ɗan gota suka shiga Arfa. Mukhtaru ya samu gefe ya tsaya, ya zagayo ya tallabi surukinsa ya sauko da shi. Da ƙafar Malam ta taɓa ƙasa sai ya yi hamdala. Ya dubi filin, ya dubi dutsen can nesa da mutane suka lulluɓe, hawaye suka bi gemunsa. Safara'u ta ce a nemi tanti tukuna, ya ce a'a. Ya kamo hannun Mukhtaru, mai tsumman, ya riƙe gam.

"Tun ina yaro nike tara abin da za ni roƙa a wurin ga," ya ce. "Amma da kai za ni fara."

Ya fuskanci alƙibla ya ɗaga hannuwa. Ya roƙa wa Mukhtaru gafara, da lafiya, da zuriya mai albarka. Mukhtaru ya sunkuyar da kai yana amin, haushinsa yana narkewa ba da son ransa ba.

"Ya Allah," in ji Malam, "ka ga bawanka wanga, ka ga halin da shike ciki. Ba shi da abin hawa sai wagga tsohuwar akwala da kowa ya yar, amma da ita yak kawo ni gare ka. Ya Allah ka raba shi da ita. Ka musanya mai da sabuwa dal, irin ta mutane."

Wannan karon Mukhtaru ya kasa cewa amin. Yau ce ranar da ba a mayar da addu'a, ya sani, a nan aka haife shi. Ya saci kallon motarsa, ga ta nan cikin ƙura, baƙa, da rami a ka. Tsoho yana tsaye hannuwa a sama, yana jira. Safara'u ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Amin," in ji Mukhtaru, hawaye suna zubo masa.

Malam ya ga hawayen, ya sauke hannuwa ya sake kamo hannunsa ya matse.

"Kada ka damu, ɗana. An karɓa."