Kazar Ɗantala

Wani dare a Jajaye, zamanin Turawa, na ji ƙara ta bayan danga kamar zugazugin maƙeri da ya huje. Na jima ina saurare kafin na gane numfashin maƙwabcina Sulle ne.

A makon ya faɗo daga motar gyaɗa, cinyarsa ta karye. Ɗantala mai ɗori ya ɗaure ta, ya kuma karya ƙafar kaza ya ɗora, yadda ya gada: in kaza ta taka, mutum zai taka. Daren da na ji numfashin nan, Sulle bai wayi gari ba.

Wansa Gwadabe ya hana a binne. Ya garzaya Karaye ya ce guba ce, don Ɗantala da mamacin suna rigimar iyakar gona. Joji, Baturen mulki, yana can rangadi, ya sa aka tsare Ɗantala, aka kai gawar Kano, likita ya buɗe.

Aka sallami Ɗantala. Ɗan doka ya kawo bayani ƙofar mai unguwa: babu guba. Likita ya duba da madubinsa mai ƙara girman abu, ya ga ɓargo da ɓurɓushin ƙashi sun toshe jijiyoyin huhu. Jini ne ya kwaso su daga karayar.

Ni abin ya ƙayatar da ni, don na ɗan leƙa elementare. Na ce, "Kamar rafi ne da damina, ya kwashi karmami ya cushe kwalbati."

Gwadabe ya ce, "Kai dai Iro, tun da ka ce ka ga kifi ya sauko da ruwan sama muka san ka." Aka bushe da dariya. "Ƙashin cinya a huhu? Ai Bature ma ya shaida. Jifa ne."

Kowa ya san ana jefa wa mutum allura ko ƙashi a jiki daga nesa. Wa kuma ya san ƙashi kamar mai ɗori?

Daga nan ba wanda ya sake kai wa Ɗantala karaya. Sallamarsa ma da ƙyar ake amsawa. Bayan girbi ya ɗaura wa jaki kaya, zai koma wajen Zariya. Har yau in na ga yaro da karkataccen hannu shi nake tunawa.

Muna tsaye bakin hanya sai kazar nan ta gifta, tana takawa sarai. Tasalla, matar Sulle, ta bi ta da kallo.

"Malam Iro, in jini ne ke kwasowa, ita me ya hana nata?"